Ranar da Yarinya Ta Daina Zuwa Fili

Assalamu alaikum. Malamai masu horaswa, da iyayenmu mata da na hango a baya can, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar wasan 'yan mata ya san abin da zan faɗa. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare fili cike yake, har rigar wasa ba ta isa. Kafin su kai aji uku, sai ka ga ƙungiyar ta zube. Mu kuma nan da nan sai mu ce iyaye ne suka hana. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa yarinyar ce ta janye da kanta, kuma a filinmu aka kore ta ba mu sani ba.

Jikinta ya fara canzawa. Gajeren wandon da take sawa bara yanzu kunya yake ba ta, ga samari sun jeru a bakin fili. Ranar da take al'ada ta zo tana jan ƙafa, koci ya daka mata tsawa a gaban kowa: "Ke raguwa ce!" Wallahi ba za ta iya buɗe baki ta yi wa namiji bayani ba. Gobe ba za ka gan ta ba. Shi ya sa nake roƙon kowace makaranta ta sa malama mace a gefen fili, ko da ba ta san dokar wasa ba. Maganar sutura kuma an wuce wurin: tun 2014 aka halatta ɗankwali a ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando ya bi baya a 2017, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta.

Ku dubi Asisat Oshoala, 'yar ƙwallon ƙafar Najeriya. Iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba. Ƙungiyar FC Robo ta Legas ce ta riƙe ta, ga shi sau 6 tana zama gwarzuwar Afirka. Daga wannan ƙungiyar Rasheedat Ajibade ta fito, kyaftin ɗin da ta jagoranci Super Falcons, ƙungiyar mata ta Najeriya, suka ɗauki kofin Afirka na 10 a 2025. Irin wannan riƙo nake so mu koya. Koci ya je gida da kansa, ya gaida mahaifi, ya yi alkawarin tashi daga atisaye kafin magariba, ya kuma cika.

Sai ƙawaye, su ne ma suka fi mu ƙarfi. Yarinyar da aka yi wa dariya don ta zubar da ƙwallo, ko aka ƙi miƙa mata don ba 'yar rukuninsu ba ce, ta gama yanke shawara tun kafin a busa tashi. Wadda kuwa ƙawaye biyu suka yi sallama a ƙofar gidansu, "Umma, mun zo tafiya da ita", da wuya uwa ta hana, don ta san ba ita kaɗai za ta dawo ba. Saboda haka ku haɗa su gwargwadon unguwanninsu, kuma idan wata ta yi fashi sau biyu, kyaftin ta je ta dubo ta a satin nan.