Bango Ya Bushe a Ido, Ko Ya Bushe a Ciki?

Assalamu alaikum, jama'ar Damagaram. Tun da damina ta kankama, ana ta tura mini hotuna iri ɗaya a WhatsApp: ɗaki ne da ruwa ya shiga, aka kwashe, aka shafa fenti, bayan mako uku fentin ya kumbura yana ɓarewa, ga farin gari kamar kanwa ya fito a gindin bango. Mai gida ya ɗora laifin a kan fenti, mai fenti ya ɗora a kan magini. Ni kuwa a ganina, kusan kullum laifin yana wuri guda ne, wato an rufe bango tun bai bushe ba.

Ruwa yana shigo mana ta hanyoyin da kuka sani. Ga indararo da ya toshe, ga kwano da ƙusa ta saki, ga bututun da ya tsage a cikin bango, ga kuma wanda ya fi yawa a garin nan: an ɗauke ruwa, an bar famfo a buɗe, ya dawo cikin dare kowa yana barci. Matakan farko ba su da wuyar ganewa. A kashe wuta daga mita kafin kowa ya taka ruwan, a tsayar da yoyon, a kwashe abin da ya taru, a fitar da tabarma da katifa da kafet zuwa rana. Idan ana zargin bututu, a rufe duk famfunan gida a dubi mitar ruwa. Muddin tana motsi, akwai inda yake zuba. Ruwan da ya haɗu da na kwata ko na masai kuma hukuncinsa daban ne, domin abin da ya tsotse shi kamar katifar soso ba ya wankuwa, daɓe kuwa sai an wanke shi da jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da an gauraya jabel ɗin da wani sinadari ba.

Yanzu ga misalin wani bango da ruwa ya shiga, wanda na duba da kyau. Na shafa hannuna, babu jiƙa. Amma bulo da tubali da yaɓe duk cike suke da ƴan ramuka ƙanana da ido ba ya gani, kuma suna shan ruwa yadda lagwani yake jan kananzir, har ruwan ya hau sama da inda ambaliyar ta tsaya. Rana da iska suna busar da fatar waje cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ido yake ruɗuwa, alhali ruwan da ke tsakiya sai ya taho a hankali zuwa fuskar bango kafin ya tashi. Maginan Ingila suna da wani ƙiyasi, cewa bangon bulo yana bukatar kamar wata guda a kan kowane santimita 2 da rabi na kaurinsa. Zafinmu ya fi nasu, bushewa tana fi sauri a nan, sai dai ku tuna kaurin bangon ƙasa a tsofaffin gidajen Birni, ku kuma tuna cewa a watan Agusta iskar kanta a jiƙe take.

Masu sana'ar busar da gidaje ba sa dogara da tafin hannu. Suna da ƴar na'urar auna danshi mai allura biyu, sukan fara auna bangon da ruwa bai taɓa ba a cikin gidan, su rubuta lambar, sannan su riƙa auna jiƙaƙƙen kowace rana har sai lambobin biyu sun kusanci juna. Wannan kwatancen shi ne zuciyar aikin. A katako, danshin da ya wuce kashi 20 cikin 100 yana buɗe ƙofar ruɓewa, don haka azara da silin da ƙyauren ƙofa su ma ana auna su.

Wanda ba shi da na'ura yana da leda. A yanko leda mai haske, tsawo da faɗi kamar santimita 45, a manna ta a bango ko a daɓe, a liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla awa 16. Mun manna irin wannan ledar da la'asar a bangon da na ambata, muka bar ta ta kwana. Da muka duba, raɓa ta taru a cikinta, wurin kuma ya yi duhu, alamar akwai sauran danshi a ciki. Wannan bangon, da za a tambayi kowa, cewa zai yi ya bushe.

Busarwar kanta tana tafiya da iska mai motsi. A janye gado da akwatuna daga jikin bango, a ɓamɓare fentin da ya kumbura da yaɓen da ya saki, a buɗe tagogi da rana, a juya fanka ta fuskanci wurin. Idan an samu na'urar da ke tsotse danshi daga iska, to sai a rufe ƙofa da taga, domin in an bar su a buɗe, iskar unguwa duka take ƙoƙarin busarwa. Ana son a fara wannan da wuri, saboda fumfuna takan fara kama kaya cikin awa 24 zuwa 48, kuma tana tayar da asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi. Ina roƙonku da babbar murya, kada a kunna gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki da sunan busarwa; akwai iska mai guba a cikin abin da suke fitarwa wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Abin da ya fi damuna shi ne siminti a kan jiƙaƙƙen bangon ƙasa. Na fahimci dalilin, mutum yana so ya huta da yaɓe kowace shekara. Amma ƙasa tana numfashi, siminti kuwa yana toshe ta, sai ruwan ya rasa mafita, ya zauna a gindin bango yana cinye ƙarfinsa, gara ta biyo danshi, daga waje kuma komai sumul. Duk wanda ya ga yadda tsohon masallacinmu na ƙasa, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama a Satumbar 2024, ya san abin da ruwa yake iya yi wa ginin ƙasa. Idan kuka ga tsaga tana ƙaruwa, ko bango ya yi ciki, ko ƙofa ta daina rufuwa, a fitar da iyali daga ɗakin a kira magini a ranar.

Shi kuma farin garin nan mai kama da kanwa, gishirin cikin ƙasa ne da ruwa ya fito da shi. A goge shi a bushe da buroshi, kada a wanke da ruwa, don zai narke ya koma ciki. In ya daina fitowa, leda ta kwana ba raɓa, sai a yaɓe bangon ƙasa da ƙasa irin tasa, a shafa farar ƙasa. Fentin mai kuwa, ga ɗakin da ya sha ruwa a Agusta, shawarata a jira iskar hunturu ta ratsa shi tukuna, sannan a sake gwajin ledar a wurare biyu, ɗaya a gindin bango, ɗaya daidai ƙirji.