Nafkin ɗin wanki ga yaron da ya fara wayo: me za a duba kafin a saya?

Ku dubi wannan kofin, rabinsa ruwa ne. Ga kuma ƙyalle biyu a kan faranti. Na farkon zan ɗiga masa ruwan kaɗan-kaɗan, yadda jariri sabon haihuwa ke fitsari. Kun gani, ya shanye tas, ko ɗigo bai tsere ba. Na sake cika kofin zuwa rabi, na biyun kuma zan juye masa gaba ɗaya. To ga shi nan, ruwan ya bi ta gefe ya malale kafin ƙyallen ya ankara. Ƙyallen iri ɗaya ne, ruwan ma daidai yake, zubin ne ya bambanta.

Uwar yaro, abin da ke faruwa a cikin nafkin ɗin ɗanki ke nan tun da ya haura wata takwas ko tara. Mafitsararsa ta girma, ya fara iya riƙe fitsari. Sai ki duba shi bayan awa ɗaya ki tarar a bushe yake ƙayau, ki juya baya, ki dawo ki iske wando da shimfiɗa sun jiƙe sharkaf. Famfas yana tsallake wannan matsalar ne saboda akwai wani gari a cikinsa da ke mayar da ruwa ya zama kamar jeli, ya kulle shi. Ƙyalle ba ya kulle komai, riƙewa kawai yake yi tsakanin zare da zare, kamar soso. Don haka a ƙunzugun babban yaro ana duba saurin shansa, ana duba yawan abin da yake riƙewa idan an danne shi, sannan ana duba yadda ya zauna a cinya. Zanen jiki da kala su zo daga baya.

Mu fara da abin da ke ciki, domin nan ne aka fi tafka asara.

Wannan farin mai laushi kamar tawul ɗin goge gilashi shi ne maikurofaiba, kuma shi ne ake yawan haɗowa da nafkin mai aljihu a matsayin ciko, wato ƙyallen shan ruwa da ake cusawa a cikin aljihun. Wajen saurin sha babu kamarsa, wajen bushewa a igiya ma haka. Amma ku ga yadda yake idan na matsa shi da tafin hannu: duk abin da ya sha ya dawo da shi. Yaron da ya iya zama, yana faɗuwa daɓas a kan ɗuwawunsa sau hamsin a wuni, ko an ɗaure shi a kujerar mota, matse shi yake yi kamar yadda na yi yanzu. Kuma kada a bar shi ya taɓa fatar yaro kai tsaye, yana busar da fata har ta yi ja.

Auduga tana tsakiya. Tana sha da sauri daidai gwargwado, tana riƙewa, tana jure wanki da ruwan zafi shekara da shekaru. Zaren gora, wanda ake sarrafa itacen gora a mayar da shi yadi, ya fi auduga ɗaukar ruwa, ga laushi, sai dai yana daɗewa a shanya. Na ƙarshen shi ne zaren hemf, wani tsiro da ake samun zare a jikinsa kamar rama, wanda yawanci ake cakuɗa shi da auduga. Siriri ne, da ɗan tauri, yana riƙe ruwa ƙam ko an zauna a kansa, amma fa yana da nawa. Ki zuba masa ruwa da yawa a lokaci guda, sai ruwan ya tsaya a samansa yana jiran izini.

Kun ga ke nan babu guda ɗaya da ya haɗa komai, shi ya sa ake jera su. Mai saurin sha a sama, kusa da jiki, ya tare ambaliyar. Mai riƙewa a ƙasa, ya karɓa a hankali ya ajiye. Maikurofaiba ko auduga a sama, hemf ko gora a ƙasa, amma maikurofaiba ya zauna cikin aljihun, kada ya taɓa fata. Idan aka juya jerin, sai ki yi ta zargin nafkin ɗin alhali bai yi laifin komai ba. Namiji ya fi jiƙa gaba, sai a ninka cikon a gaba. Mace ta fi jiƙa tsakiya. Wanda ke kwana rub da ciki kuwa, ko mace ko namiji, gaba za a ƙara wa kauri.

Wani abu da masu sayarwa ba kullum suke faɗa ba: sabon ƙyallen auduga, gora ko hemf ba ya kai ƙarfin shansa sai an wanke shi sau da dama, saboda man da ke jikin zaren. Kada ki yanke masa hukunci a ranar farko.

Yanzu ga ire-iren ɗinkin, zan bi su da sauri. Akwai shimfiɗaɗɗen tawul mai kusurwa huɗu da ake ninkawa da hannu. Shi ne mafi saurin bushewa, shi ne kuma mafi fita tas a wanki, tunda falle ɗaya ne, sai dai yana son yaron da zai kwanta ya jira, kuma ɗan wata goma ba ya jira. Akwai wanda aka ɗinka da siffar famfas, duk jikinsa mai shan ruwa ne, har fukafukan ƙugu. Waɗannan biyun dole a ɗora musu wando mai hana yoyo. Akwai mai aljihu, wanda ake cusa masa ciko ta baya. Akwai kuma mai komai-a-haɗe, a ɗaura kawai kamar famfas, wanda kaka ko mai reno ba za su sha wahala da shi ba, amma shi ne sarkin daɗewa a igiya.

A ganina, ga yaron da ke rarrafe ko tatata, mai aljihu ya fi dacewa da rana, saboda ke ce mai iko da abin da ke ciki. Yau ki sa ciko ɗaya, wata uku masu zuwa fitsarin ya ƙaru ki sa biyu, ba sai kin sake sayen komai ba. Dare kuma maganarsa daban ce. Awa 10 zuwa 12 ba wasa ba ne, kuma nafkin ɗin rana ba kasafai yake kai wa asuba ba. Na dare shi ne wancan mai siffar famfas na gora ko hemf, a ƙara masa ciko, a rufe da wando. Zai yi kauri, yaron zai zama kamar an naɗe shi, babu komai, barci zai yi da shi.

Wandon saman ma iri biyu ne da aka fi sani. Akwai yadin da aka lulluɓe bayansa da siririyar roba, wanda za ki ga an rubuta PUL a jikinsa. Akwai kuma na ulu, da ake jiƙa shi lokaci-lokaci da lanolin, wato man gashin tumaki, don ya riƙa korar ruwa. Na ulu yana barin iska ta shiga, yana da daɗi da dare, amma da hannu ake wanke shi, a hankali. Wannan dabarar ta wando mai hana yoyo, wata Ba'amurkiya ce mai suna Marion Donovan ta shahara da ita. A 1946 ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka na farko saboda ta gaji da wankin zanin gado, ta kuma sa masa maɓallai a madadin fil. Har yau kusan a kan tsarinta ake tafiya.

Tunda an ambaci maɓalli: maɓalli ko mai mannewa, wato maɗaurin da ake liƙawa a ɓare kamar na takalmin yara? Mai mannewa ya fi sauri, kuma idan yaro yana birgima yana neman tserewa, sakan biyar ma riba ce. Matsalar ita ce yaron da ya kai shekara yana gane yadda ake ɓare shi. Yana jin ƙarar ɓarewar nan, ta burge shi, shi ke nan ya samu abin wasa, sai ki tsinci nafkin a wani lungu, mai shi a wani lungun. Maɓalli ya fi ƙarfin 'yan yatsunsa, ya kuma fi daɗewa, tunda mai mannewa yana tara zare a wanki har ya daina kamawa. Ni maɓalli zan ɗauka. Idan kin riga kin sayi mai mannewa, ki sa masa riga mai ɗaurewa a ƙasa ko wando a kai.

Sai girma. Yawancin waɗanda ake kira mai girma ɗaya, daga haihuwa har a daina, ana rubuta musu kilo 3.5 ko 4 zuwa wajen kilo 15 ko 16. Layukan maɓallan da ke gaba su ne ke rage tsawo ko su ƙara. A nan mai babban yaro ta ci riba, domin irin wannan nafkin yana yi wa jarirai yawa, amma daga wata shida zuwa sama yana zama daram. Sai dai kada ki dogara da kilo kaɗai. Yaro mai cinya da yaro siriri mai tsawo za su iya yin nauyi ɗaya, nafkin ɗaya ya zauna wa wannan, ya ƙi wancan. Kuma jikin yana canzawa: da zarar ya fara tafiya, cinyar nan mai ninki-ninki sai ta zube, nafkin ɗin da bai taɓa yoyo ba ya fara. Ba lalacewa ya yi ba, a koma a gyara maɓallan. Idan kuwa yaronki ya riga ya doshi kilo 15, nemi wanda aka ɗinka musamman don manyan yara.

Ga yadda ake gane ya zauna. Robar ƙafa ta shige cikin matsematsi, daidai inda ɗan kamfai ke zama, kada ta sauko kan cinya. Ki ɗaga ƙafarsa, idan kin hango rata, ta nan zai zuba. A ƙugu kuma yatsu biyu su shiga ba tare da dole ba, domin ya samu sararin ciki idan ya zauna. Nafkin ɗin wanki yana zama ƙasa da cibiya, ƙasa da inda aka saba ganin famfas. Ɗan shatin roba a fata irin na safa ba komai ba ne, amma jan shati mai zurfi da ya ƙi ɓacewa yana nufin an matse da yawa. Ki tabbata babu ƙyalle ko bakin riga da ya leƙo ta cikin robar, domin zai ja fitsari waje kamar lagwani.

Idan ya yi yoyo, ki ciro cikon ki matsa. In ya jiƙe daga farko har ƙarshe, shan ne ya gaza, a ƙara ciko ko a rage tazarar canji. In kuwa rabinsa a bushe yake, to ko zaman ne bai yi daidai ba, ko ruwan ya fi ƙarfin saurin shansa.

To, maganar da kowa ke kaucewa: kashi. Daga lokacin da yaro ya fara cin abinci, wajen wata shida, kashinsa ya tashi daga irin na mai shan nono zalla wanda ruwa ke narkarwa. Wannan sai an zubar da shi a masai kafin wanki. Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne siririn ƙyallen filis, wani yadi mai laushi irin na rigar sanyi, da ake shimfiɗawa a cikin nafkin, a jikin fatar yaro. Fitsari yana ratsa shi ya wuce, fatar yaro ta zauna a bushe, kashi kuma ya ɓanɓaru daga jikinsa cikin sauƙi. Akwai na takarda da ake yarwa, amma kwandon shara ne wurinsa, yana toshe bututu. Wannan ƙyallen yana kuma kare nafkin daga man shafawa mai kauri irin na ƙuraje, wanda ke liƙe wa zare ya hana shi shan ruwa.

Guda nawa za a saya? Jariri yana cin 10 zuwa 12 a rana, babban yaro kuwa biyar zuwa bakwai, ana canza masa duk bayan awa biyu zuwa uku. In za ki yi wanki duk bayan kwana biyu, 15 zuwa 18 na rana da uku na dare za su riƙe ki, har da waɗanda ke kan igiya. Amma don Allah kada ki saye su a tashi ɗaya. Ɗauki uku ko huɗu daga ɗinki daban-daban, ki gwada mako biyu, jikin yaron zai gaya miki wanda ya karɓe shi. Idan na hannu ne za ki karɓa, ja robar ki ji ko tana komawa, ki kuma ɗaga shi a haske ki duba ko rufin bayan ya fara tsagewa ko saɓulewa.

Wasu za su ce ai an makara, yaro ya kusa shekara. Yara da yawa sai sun haura shekara biyu suke rabuwa da ƙunzugu, na dare ma ya fi haka jimawa, ga kuma ƙani ko ƙanwa da za su gada. Ta fuskar muhalli, wani nazari da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 ya nuna na wanki ya fi na yarwa ƙarancin hayaƙi mai ɗumama duniya da kusan kashi 25 cikin ɗari, ko da yake ya fi cin ruwa da wutar lantarki wajen wanki. Wato yadda ake wankewa da shanyawa yana cikin lissafin.

Wankin kuwa sau biyu ne: ɗan gajere na farko da zai fitar da fitsari da datti, sannan cikakke da isasshen garin sabulu, a ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 60 a ma'aunin Celsius. Ban da ruwan laushin kaya, yana lulluɓe zare. Fitsarin babban yaro, musamman na dare, yana da ƙarfi, don haka ki ɗauraye na daren da safe kada ya kwana biyu a haka. Idan nafkin ya fito daga wanki ba wari, amma da an yi fitsari ɗaya zarni ya tashi har yana shiga ido, bai wanku ba, kuma wannan zarnin yana iya ƙona fata. Mai rufin roba kada a kusantar da shi ga zafi mai yawa, kada kuma a goge shi da dutsen guga.

Wurin tara masu datti ya zama kwando mai shan iska, a bushe. Kada a jiƙa su a bokiti a bari a ƙasa. Jiƙon yana cinye roba, kuma yaron da ke dafa abu ya miƙe zai iya leƙa bokiti ya kifa da ka, ruwa kaɗan ya ishe shi nutsewa. Kwandon ma a ɗora shi inda hannunsa ba ya kaiwa.