Gungumen da Teku Ya Kawo: Lacca Kan Asalin Haikalin Jagannath na Puri

Jama'a, barkanku da yamma. Yau za mu je gabashin Indiya, jihar Odisha, garin Puri da ke bakin Tekun Bengal. Tun farko in faɗa, abin da mabiya addinin Hindu suke faɗa zan kawo muku. Sanin abin da wata al'umma ta yi imani da shi daban, yarda da shi daban.

Ginin haikalin Jagannath da ke tsaye a Puri yanzu na ƙarni na 12 ne. Sarki Anantavarman Chodaganga na gidan sarautar Ganga ya fara shi, hasumiyarsa kuma ta kai wajen mita 65. Wannan shi ne na masana tarihi. Amma in ka tambayi mai ziyara ya aka yi wurin ya zama mai tsarki, ba zai ambaci Chodaganga ba. Indradyumna zai ce maka.

Indradyumna, a cewarsu, sarki ne a ƙasar Malwa, can tsakiyar Indiya, mai tsananin son Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu. Ya ji labarin wai Vishnu yana ɓoye a wani daji na gabas da sunan Nila Madhava, sai ya aika wani malamin Brahmin, wato ɗan ajin malaman addininsu, mai suna Vidyapati ya nemo. Vidyapati ya sauka wurin ƙabilar Sabara, mutanen daji, ya auri Lalita, 'yar shugabansu Vishvavasu. Ya lura surukinsa kan sulale shi kaɗai, ya dawo yana ƙamshin turare. Ya nace sai an kai shi. Tsoho ya yarda, da sharaɗin a ɗaure masa ido. Shi kuwa Vidyapati ya ƙulle ƙwayar mastad a gefen mayafinsa, yana tafe tana zuba. Da ruwa ya sauka, ta tsiro, hanya ta fito fili.

Ku duba fa, yaudarar suruki ce ƙarara, labarin kuma bai ɓoye ta ba. Sarki ya taso da rundunarsa, ya iso, ya tarar ba kowa. Nila Madhava ya ɓace.

A nan ne nake son mu ɗan tsaya. Mutumin daji, marar karatu, marar dukiya, ya daɗe yana bauta a ɓoye, abin bautarsa bai guje shi ba. Sarki ya zo da niyyar ɗaukewa, sai ya rasa. Ya koma ga azumi da hadayar dawakai, har aka gaya masa a mafarki cewa wani gungumen itace zai taso a kan teku. Gungume ya zo. Dakaru suka ja, giwaye suka ja, ko motsi bai yi ba. Sai da aka kira Vishvavasu, wanda aka zalunta, ya kama gefe ɗaya, Vidyapati ya kama ɗayan, sannan ya ɗagu.

Sauran labarin gajere ne. Wani tsohon masassaƙi ya bayyana, suna cewa Vishwakarma ne, maginin alloli a wurinsu. Ya ce zai sassaƙa gungumen, a rufe shi kwana 21, kada wanda ya leƙa. Da ƙarar sassaƙa ta ɗauke, Sarauniya Gundicha ta kasa haƙuri, ta matsa aka buɗe ƙofa. Babu tsoho. Sai gumaka da ba a gama ba: manyan idanu zagayayyu, hannuwa dungu, babu ƙafafu. Haka Jagannath, wanda suke ɗauka siffar Vishnu ce, da yayansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra suke har yau.

Wani zai ce tatsuniya ce kawai. To, amma ku je Puri ku ga yadda take raba aiki. Akwai wasu ma'aikatan haikalin da ake kira Daitapati, waɗanda suke cewa su zuriyar Vishvavasu ne, ba Brahmin ba. Duk shekara ana yi wa gumakan wanka da tulu 108, sai a ce zazzaɓi ya kama su, a killace su kamar mako biyu. A wannan lokaci Daitapati ne masu jinya. A ganina, kuma masana da dama sun tafi a kan haka, labarin yana adana wata tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin fada da mutanen daji: kun karɓi abin bautarmu, amma ba za ku iya da shi ba sai da mu.

Da yake gumakan na itace ne, suna tsufa. Itacen ma kun san shi, dogon yaro ne, wanda daga wancan yankin aka kawo mana shi. Bayan shekara 8, ko 12, ko 19, in kalandarsu ta ninka watan Ashadha, sai a yi Nabakalebara, a sassaƙa sababbi. An yi a 1996, an yi a 2015. Da tsakar dare a kashe fitilun gari, wani Daitapati da ido a ɗaure da hannu a naɗe ya ciro wani abu daga cikin tsohon gunki ya sa a sabo. A binne tsofaffin a harabar haikalin, Daitapati su yi zaman makoki kamar ɗan gidansu ne ya rasu.

Sarauniyar da ta buɗe ƙofa ma ba a manta da ita ba. A bikin Rath Yatra, cikin Yuni ko Yuli, ana jan gumakan a manyan karusai na katako, ta Jagannath mai ƙafa 16, zuwa haikalin Gundicha, tafiyar kamar kilomita 3. Kafin a tashi, sarkin Puri da kansa yake share karusan da tsintsiya mai mariƙin zinariya.

Abu ɗaya ne bai dace da wannan hoton ba. Wanda ba Hindu ba ba ya shiga haikalin. Ko Indira Gandhi, Firaministar Indiya a lokacin, an hana ta a 1984, saboda mijin da ta aura ɗan al'ummar Parsi ne, mabiya addinin Zoroaster. Amma a kan hanyar bikin akwai kabarin Salabega, mawaƙin ƙarni na 17 wanda mahaifinsa Musulmi ne, bai taɓa samun shiga ba, waƙoƙinsa na yabon Jagannath kuwa har yanzu ana rera su. Suna cewa ya yi rashin lafiya a hanya, ya roƙa a jira shi, karusa ta ƙi motsi sai da ya iso. Duk shekara ana tsayar da karusar Jagannath a gefen kabarin na ɗan lokaci kafin a wuce.

Wannan ɗan'uwa na baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, muna jin ka.