Ni da Maigida a Tsohuwar Hanyar Kogin Kolumbiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi daga jihar Oregon ta Amurka. Mun baro birnin Portland mun miƙi gabas, maigida na tuƙi, kyamara na hannuna. Akwai babban titi mai lamba 84 wanda zai kai mutum nan da nan, amma ba shi muka bi ba. Tsohuwar hanya muka hau, wadda aka soma ginawa a 1913 aka gama a 1922. Injiniyan da ya tsara wannan ɓangaren, Samuel Lancaster, bai yarda hawa ya yi tsanani ba: cikin kowace mita 100 ba a haura fiye da mita 5. Shi ya sa kuke ganin sai lanƙwasa take yi. Domin kallo aka yi ta, ba domin mai sauri ba. Maigida, don Allah ɗan sassauta, su ga katangar duwatsun nan ta gefen hanya.

To, ga mu a Crown Point. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, iskar wurin nan ba ta wasa, da ƙyar nake riƙe mayafina. Wannan ginin mai kusurwa takwas shi ne Vista House, an buɗe shi a 1918 domin matafiya su huta. Yanzu ku dubi ƙasa. Subhanallah! Sama da mita 200 ke tsakaninmu da ruwan can. Kogin Kolumbiya ke nan, tsallakensa kuma jihar Washington ce. Kwazazzabon ya kai kilomita 130 a tsawo, a wasu wuraren zurfinsa ya kai mita 1,200.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa ruwa ke zubowa ta ko'ina a wannan gaɓar. Masana sun ce wajen shekara 15,000 da suka wuce, ƙanƙara ta toshe wani kogi, ruwa ya taru ya zama makeken tafki a inda jihar Montana take yanzu. In toshiyar ta ɓalle, sai ruwan ya taho gaba ɗaya, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ambaliyar ce ta zaftare gefen duwatsun ta bar su a tsaye cak. Ƙoramun da a da suke gangarowa a hankali sai suka rasa gangara, dole su faɗo daga sama.

Wannan magangarar ruwan ita ce Latourell. Ruwanta bai taɓa jikin dutse, kai tsaye yake dirowa. Ku lura da bangon bayanta, ginshiƙai ne jere kamar an sassaƙa da hannu, alhali aman wutar dutse ne da ya huce ya tsattsage. Ikon Allah.

Ga kuma wadda kowa ke zuwa dominta, Multnomah. Mita 189, hawa biyu, babu wadda ta kai ta tsawo a Oregon. Gadar da kuke hangowa a tsakiya an gina ta a 1914 da kuɗin wani attajirin katako, Simon Benson. Mun hau, feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf, sanyi har cikin ƙashi, kuma ban so sauka ba. Sai dai akwai cunkoso. Mai niyyar zuwa lokacin zafi ya duba batun izinin shiga ta intanet tun kafin ya taso, ya kuma yi sammako.

Baƙaƙen itatuwan can na saman tudu, gobarar 2017 ce. Wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta cikin busasshen daji, kusan eka 50,000 suka ƙone. Raina ya ɓaci da na gan su, duk da ƙasan ya sake yin kore shar.

A madatsar ruwa ta Bonneville mun tsaya kaɗan. An yi wa kifin salmon matakala ta ruwa domin ya iya haurawa zuwa inda yake zuba ƙwai, akwai kuma tagogin gilashi da ake kallonsa yana kokawa da igiyar ruwa. Maigida ya ƙi matsawa daga gaban tagar nan, sai da na ja hannunsa.

Da muka wuce Hood River, ƙasa ta sauya. Dajin ya janye, sai tuddai da busasshiyar ciyawa, domin duwatsun Cascade sun tare hadarin da ke tahowa daga teku.

Jama'a, nan ne inda na fi so ku gani, ko da yake za ku ce ba komai. Sunan wurin Celilo. Ruwan da ke gabana a kwance yake lumui. A ƙarƙashinsa akwai magangarar da ta ciyar da al'umma shekaru dubbai. 'Yan asalin ƙasar nan, irin su Yakama da Umatilla da Nez Perce da mutanen Warm Springs, a nan suke kafa dandamalin katako a kan duwatsu, su tsaya da koma mai doguwar sanda suna kwasar salmon daga cikin kumfa. Kasuwa ce babba, daga nesa ake zuwa musayar kaya da busasshen kifi. Yarjejeniyoyin 1855 sun tabbatar musu da haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba. Amma ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya shanye wurin, mutanen na tsaye a gaɓa suna kallo. An biya diyya, an samu lantarki, jiragen dakon kaya suka samu hanya. Ni dai ban ga kuɗin da zai biya mutum wurin da kakanninsa suka ci suka sha ba. Ƙauyen Celilo yana nan a tsallaken titi har yau, jikokinsu kuma ba su daina kamun kifi ba. Ɗazu mun ga dandamalinsu a bakin ruwa wajen Cascade Locks.

Yawancin baƙi daga Multnomah suke juyawa. In Allah ya kawo ku, ku daure ku ƙaraso nan, ku karanta tarihin kafin ku zo.

Maigida yana nuna mini agogo, la'asar ta yi sanyi. Za mu yi salla, mu koma garin The Dalles mu kwana, gobe in Allah ya kai mu mu tsallaka ɓangaren Washington. A gaida mutanen gida, sai mun sake haɗuwa.