Tartupaluk, Dutsen da ke Maƙogwaron Mashigin Nares

Ku dubi can ƙuryar arewacin taswira, inda Girinlan ta kusa goga kafaɗa da tsibirin Ellesmere na Kanada. Ruwan da ya raba su shi ne mashigin Nares, faɗinsa a nan kusan kilomita 35. A tsakiyarsa cif akwai wani dutse da ya ɗago kai, Turawa na ce masa tsibirin Hans, mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin, kuwa Tartupaluk, wato mai siffar ƙoda.

Girmansa duka-duka murabba'in kilomita 1.3 ne, tsawonsa bai cika kilomita ɗaya da rabi ba. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, gefensa ya miƙe sama da mita 150, samansa fayau, ba itace, ba bukka ko ɗaya. Tun daga tsakiyar Oktoba rana ke ɓacewa, ba a sake ganinta sai ƙarshen Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Agusta kuma ba ta faɗuwa sam.

Amma fa ƙanƙara ce mai mulkin wannan wuri. Igiyar ruwa na kwararowa daga tekun Lincoln zuwa kudu, ɗauke da tsohuwar ƙanƙarar da ta shekara da shekaru tana ƙara kauri. Da ta iso nan sai tsibirin ya tsaga ta biyu, wata ta bi gabas, wata yamma, wata ta yi ta taruwa a gefen arewa tana hawa kan 'yar'uwarta. Iska kuma idan ta shigo tsakanin duwatsun gaɓa biyun sai ta matse ta ƙara ƙarfi. Shi ya sa hanyar da ke buɗe da safe kan iya rufewa ruf kafin yamma, jirgin da ba mai fasa ƙanƙara ba ya maƙale. Masu bincike sun fi dogara da jirgi mai saukar ungulu.

Da Kanada da Denmak, wadda Girinlan ke ƙarƙashinta, suka shata iyakar teku a 1973, sun tsallake wannan gurbi don sun kasa daidaitawa. Sai ranar 14 ga Yuni, 2022 suka raba tsibirin, suka bi wata tsaga da ta ratsa dutsen daga arewa zuwa kudu: kusan kashi 60 cikin 100 ga Girinlan, sauran ga Kanada.