Daren da Muka Nemi Tauraruwa Mai Wutsiya a Katsina

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan birnin Katsina. Ni ce Binta, ina tare da abokin aikina Kabiru, da kuma malaminmu, Malam Sada, wanda ya shafe shekaru yana koyar da kimiyya kafin ya ajiye alli. Yau za mu tattauna ne a kan tauraruwa mai wutsiya, da yadda mutumin da ba shi da digiri a ilimin falaki zai neme ta da kansa ya gan ta. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam Sada: Barka kadai, Binta. Kabiru, sannu da ƙoƙari.

Kabiru: Yawwa Malam. Ni dai zan fara da abin da na san yana cikin zuciyar masu sauraro da yawa, domin ranar da na gaya wa kakata cewa za mu fita kallon wannan tauraruwa, abin da ta fara ce mini shi ne, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Ta faɗe shi da gaske, har ta roƙe ni kada in nuna ta da yatsa.

Malam Sada: Kakarka ta faɗi abin da ta gada ne, kuma ba Hausawa kaɗai suka gada ba, domin a Turai da Sin ma an daɗe ana ɗaukar bayyanarta alamar yaƙi ko annoba ko mutuwar sarki. Dalilin a fili yake. Manomi ya san lokacin fitowar Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki, kowa ya san Zara, amma wannan baƙuwa takan zo ba sallama, ta yi 'yan makonni ta ɓace. Abin da nakan tuna wa mutane shi ne ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, aka yi husufin rana, mutane suka danganta husufin da rasuwar, sai Manzon Allah ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi saboda mutuwar wani ko rayuwarsa. A ganina da wannan ido ya kamata a kalli tauraruwa mai wutsiya, domin ita ma tana da falakin da take bi, kuma ana iya lissafa shi.

Binta: Wane ne ya fara tabbatar da cewa ana iya lissafa shi?

Malam Sada: Wani masani ne ɗan Ingila mai suna Edmond Halley. Ya duba bayanan taurarin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682, ya lura hanyarsu iri ɗaya ce, sai ya wallafa a 1705 cewa tauraruwa ɗaya ce take kai da komo, kuma za ta dawo wajajen 1758. Ya rasu a 1742 bai gan ta ba. Wanda ya fara hango ta a ƙarshen Disambar 1758 wani manomi ne Bajamushe mai suna Palitzsch, wanda kallon sama sha'awa ce kawai a wurinsa. Ita ce ake kira tauraruwar Halley, takan dawo bayan kimanin shekara 76. Ta zo a 1910, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ta sake zuwa a 1986, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma ana sa ran ta a 2061.

Kabiru: Malam, kafin mu yi nisa, mece ce ita kanta? Mutane da yawa suna haɗa ta da tauraron nan da ke gilmawa da dare kamar an harba kibiya.

Malam Sada: Ba ɗaya ba ne, ko da yake akwai dangantaka. Wanda ke gilmawa ƙwayar ƙura ce ko tsakuwa da ta shigo iskar duniya ta ƙone cikin ƙiftawar ido. Ita kuwa mai wutsiya tsaye za ka gan ta tsakanin taurari, sai ka kwana ka dawo sannan ka lura ta gusa. Asalinta curi ne na ƙanƙara da ƙura da duwatsu, kuma ba wani girma gare shi ba idan aka kwatanta da duniya, domin na Halley tsawonsa kimanin kilomita 15 ne kacal. Idan curin ya kusanci rana, zafi yakan sa ƙanƙarar ta koma tururi kai tsaye, ta kwaso ƙura, su yi masa lulluɓi mai faɗin gaske. Daga nan hasken rana da iskar da ke fitowa daga rana su tura wannan lulluɓi baya, ya zama wutsiya mai tsawon miliyoyin kilomita. Wutsiyar ma biyu ce, ta ƙura mai ɗan lanƙwasa da fari-fari, da ta gas wadda take miƙe sambal mai shuɗi-shuɗi. Kullum wutsiyar tana juya wa rana baya, saboda haka idan tauraruwar tana komawa inda ta fito, wutsiyar ce a gaba. Dangantakar kuwa ita ce, ƙurar da take zubarwa a hanya ita duniya ke ratsawa, shi ya sa a kowace Mayu da Oktoba ake ganin kibiyoyin wuta daga ragowar Halley.

Binta: Bari mu zo kan namu daren. A watan Oktoban 2024 ne, lokacin da tauraruwar da ake kira Tsuchinshan-ATLAS ta bayyana a yamma bayan faɗuwar rana. An gano ta a farkon 2023 a wata cibiyar kallon taurari ta ƙasar Sin, sannan wata na'ura a Afirka ta Kudu ta sake gano ta. Ta fi kusantar duniya ranar 12 ga Oktoba, a nisan kimanin kilomita miliyan 70. Kabiru, kai ka zaɓa mana wuri a daren farko.

Kabiru: Ni na zaɓa, kuma na yi kuskure. Na ce mu fita wata gona a kan hanyar Daura, saboda na ji an ce a guje wa fitilun gari. Abin da ban lissafa ba shi ne, Daura gabas take da Katsina, saboda haka da muka tsaya muka fuskanci yamma, sai ga hasken birnin gaba ɗaya ya tokare daidai inda muke nema. Ga kuma wata ya kusa cika, yana haskaka ko'ina. Muka tsaya cikin karan dawa har aka kira isha'i, ba mu ga komai ba sai Zara.

Malam Sada: Wannan kuskuren ya fi karatun littafi amfani. Ba duhu kaɗai ake nema ba, ana neman duhu ne a ɓangaren da tauraruwar take, da kuma fili wanda bishiya ko gini bai tare gindin sama ba. Kuma a nan ne nake ganin mu muna da wata baiwa da ba mu lura da ita ba. Mutumin ƙasar nan ya san kwanan wata na Musulunci, ya saba tsayawa bayan magariba yana neman jinjirin wata a yamma, ya san cewa daga 17 ko 18 ga wata, watan yakan makara bai fito ba sai dare ya yi. Wannan shi ne rabin aikin. Wanda ya iya duban watan azumi ya riga ya iya tsayuwa da haƙuri da kafa ido a wuri ɗaya.

Binta: Shi ya sa muka jira har kusan 20 ga Oktoba, muka hau soron wani ɗan'uwan Malam a gefen yamma na gari. Ba zan manta da wannan daren ba. An ɗauke wuta a unguwar, damina ta yi sallama, hazon hunturu bai iso ba, sama ta yi tas. Malam ya hana mu taɓa waya, ya ce ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya yana rushe wannan sabo. Ya ɗaure bakin tocilansa da jar leda domin jan haske bai cika ɓata ido ba. Na daɗe ina kallo ban ga komai ba, sai Malam ya ce kada in kalli wurin kai tsaye, in ɗan kawar da idona gefe. Ina yin haka sai ga ta, kamar an goga alli a baƙin allo aka share da hannu, kanta yana ƙasa wajen da rana ta faɗi, wutsiyar ta miƙe sama. Da na mayar da ido kanta sai ta dusashe, da na kauce sai ta dawo.

Malam Sada: Gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni, haka Allah ya halicce shi. Kuma ina so masu sauraro su riƙe kwatancin da Binta ta yi na alli, domin hotunan da ake gani a intanet kyamara ce ta tara hasken daƙiƙoƙi ko mintoci, ido kuwa ba ya tarawa. Wanda ya fita yana jiran ganin abin da ke cikin hoto zai dawo ya ce an yi masa ƙarya.

Kabiru: Da na karɓi madubin hangen Malam mai ido biyu kuwa, sai na ga kan nata ya yi kamar curin auduga mai ɗigon haske a tsaka. Malam, a jikin madubin an rubuta 10x50. Me wannan ke nufi, kuma dole ne sai mutum ya sayi babbar na'urar hangen nesa?

Malam Sada: Goma ɗin yana nufin yana kusanto da abu sau goma, hamsin ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma shi ne ya fi muhimmanci, domin shi ke tara haske. Ga tauraruwa mai wutsiya wannan madubi ya fi babbar na'ura daɗin aiki, saboda yana nuna fili mai faɗi, wutsiyar ta shiga gaba ɗaya. A jingina gwiwar hannu a kan katanga domin kada hoton ya yi rawa. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada a ɗaga madubi wajen yamma sai rana ta faɗi ƙurmus, domin kallonta ta cikin gilashi yana makantarwa nan take. Game da inda za a duba, akwai manhajoji irin su Stellarium da ke nuna matsayinta a kowane dare, a duba tun a gida kafin a fita. Idan aka ce tana digiri 20 sama da gindin sama, miƙa hannunka ka dunƙule, faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, sai ka ɗora biyu.

Binta: Akwai kuma lambar haske da ake yawan ambata, wadda ta ruɗa ni da farko.

Malam Sada: Tana ruɗa kowa, domin a juye take: ƙaramar lamba ita ce mai haske. Ido a wuri mai duhu sosai yana kaiwa kusan lamba 6. Amma hasken tauraruwa mai wutsiya a baje yake, saboda haka mai lamba 5 takan fi tauraro mai lamba 5 wuyar gani. Kuma kada a yarda da alkawari ɗari bisa ɗari. A 1973 an yi ta shelar wata mai wutsiya da ake kira Kohoutek, ta zo ba ta kai yadda aka zata ba. A 2013 an sa rai ga ISON, ta wargaje da ta kusanci rana a ƙarshen Nuwamba. A wani lokacin kuma yanayinmu ne ke hanawa. NEOWISE ta yi kyau ƙwarai a Yulin 2020, amma tsakiyar damina ce a nan, na yi dare da yawa a kan soro ina jiran hadari ya buɗe. Idan kuma ta zo a Disamba ko Janairu, ƙurar hunturu takan cinye duk abin da ke kusa da gindin sama.

Kabiru: Dole in ƙara da batun tsaro, domin ba za mu ce wa kowa ya shiga daji da dare ba a halin da ake ciki. Soron gida ko filin makaranta a gefen gari ya isa. A tafi a ƙungiya, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, domin mutum tsaye a duhu da madubi a ido abin tambaya ne. A sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, musamman lokacin kaka.

Binta: Malam, mai sha'awa irinmu yana iya wuce kallo, ya gano sabuwa da kansa?

Malam Sada: An yi, kuma ba sau ɗaya ba. Thomas Bopp, wanda sunansa ke jikin tauraruwa mai wutsiya Hale-Bopp, ya hango ta ne a Yulin 1995 a Arizona ta Amurka da na'urar abokinsa, kuma ita ce aka yi kusan wata 18 ana gani da ido, na gan ta da kaina a nan Katsina a 1997. Yuji Hyakutake na Japan ya gano tasa a Janairun 1996 da babban madubi mai ido biyu. Ko a Agustan 2023 wani ɗan Japan, Hideo Nishimura, ya gano wata da kyamara. Gaskiya yanzu manyan na'urori masu sintirin sama ne ke gano mafi yawansu, amma har yanzu masana suna amfani da rahoton masu sha'awa a kan haske da tsawon wutsiya. Kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan. Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara ne da lissafi da ilimin taurari. Abin da nake roƙon matasa shi ne littafin rubutu. A rubuta kwanan wata na Boko da na Musulunci, da lokaci, da wuri, da yanayin sama, sannan a zana tauraruwar tare da taurari uku ko huɗu da ke kusa da ita.

Binta: Na yi hakan, kuma ga littafin a hannuna. Zanen daren da muka fara ganinta ya nuna wutsiyar ta kai kusan dunƙulen hannu ɗaya. Bayan kwana uku ta hau sama, ta bar taurarin da na zana kusa da ita, wutsiyar ta gajarta. A daren ƙarshe da na rubuta, ido bai kama ta ba sam, sai da madubi, kuma a gefen shafin na rubuta cewa hazo ya fara sauka.

Kabiru: Ni kuma na jingina wayata a kan katangar soron, na sa ta a tsarin ɗaukar hoton dare na 'yan daƙiƙoƙi, hoton ya fito da wutsiyar sarai. Washegari na kai wa kakata. Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko wannan ce irin wadda mahaifinta ya ba ta labari ya gani yana yaro, zamanin Sarki Dikko.

Malam Sada: Mai yiwuwa waccan Halley ce, wannan kuwa wata ce daban. Ka koma ka zauna da ita ka rubuta abin da mahaifinta ya gaya mata, da wajen da ya ce ta fito, da lokacin shekara, ka kawo mana mu karanta a shiri na gaba.

Binta: To, a nan za mu dakata. A madadin Malam Sada da Kabiru, ni Binta nake cewa a huta lafiya.