Darasi: Yadda Kunne da Ido Suke Karɓar Aikin Fasaha

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Daga nan Katsina muke kawo muku darasin wannan mako, wanda ya shafi abin da ke ɗaure zuciyar mai sauraro ga makaɗi, da abin da ke tsayar da mai kallo a gaban aikin mai zane.

Bari mu fara da kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiyar kalangu a ƙarƙashin hammatarsa, sautin ya hau, ya sassauta ta, sautin ya sauka, kuma ta haka yake kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe har gangar ta zama kamar tana magana. Wannan shi ya sa mahauci, wanda kalangu kiɗan sana'arsa ne tun asali, zai ji an kaɗa takensa a tsakiyar hayaniyar kasuwa tsikar jikinsa ta tashi, alhali baƙon da ke kusa da shi kiɗa kawai ya ji. Mahaucin ya san kalmomin da gangar take faɗa, ya san sunan ubansa yana ciki.

Daga nan sai amshi. Marigayi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, yakan bar wa 'yan amshinsa jimla guda gajera suna maimaitawa, shi kuma yana ɗora sabbin baitoci a kai nan take, gwargwadon mutanen da ya hango a fili. Kafin a yi nisa duk taron ya haddace amshin. Wanda ya tashi ya yi liƙi yana sa ran jin sunansa, sanƙira ya shelanta kyautar, waƙar kuma ta juya ta bi ta kansa. A ganina, mai sauraro a irin wannan fage yana cikin masu tsara waƙar, ko da bai buɗe baki ba.

Aikin ido ya fi tafiya a hankali, domin mai ɗinkin babbar riga ko maginin da ya zana dagi a fuskar zaure ba ya nan lokacin da ake kallon aikinsa. Duk da haka, ku lura da dattijo idan aka miƙa masa riga mai aska takwas gabanin hawan Sallah. Zai ɗaga ta ya ji nauyinta, ya juya bayan aikin ya duba yadda zare ya bi, don a nan ake rarrabe aikin hannu da na keke, kuma a nan yake ƙiyasta watannin da mai ɗinkin ya shafe a zaune.

Wayar hannu ta faɗaɗa taron, amma ta rage waɗannan abubuwa biyu, tunda hoton riga a Facebook ba shi da nauyi, mawaƙi kuma ba ya ganin fuskar wanda ya saurare shi a Jidda. Saboda haka matasanmu masu zane su riƙa ɗaukar hoton bayan aikin tare da gabansa.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya nemi wani dattijo a unguwarsu ya tambaye shi taken gidansu ko na sana'arsu, ya rubuto mana kalmomin, za mu gayyato makaɗi ya kaɗa su mu ji ko za ku gane naku.